Tambaya da Amsa: Takardar lab ta ce rummaninmu Bhagwa ne, Baba ya ci bashi ya dasa?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki. Ni ɗalibi ne anan Jos, ina digiri na biyu a kimiyyar tsirrai, furojet ɗina akan bambancin gado ne tsakanin rumman ɗin da ake samu a gidaje da lambuna. Na tsinko ganye daga bishiya 25, wasu a Unguwar Rogo da Rikkos da Bukuru da Kuru, wasu kuma sai da naje Zariya da Kano. Kowa da sunan da yake kiran nasa, wani yace ɗan Makka, wani ɗan Indiya, wani ɗan Misra, guda huɗu kuma wajen masu sayar da dashe na saya akace min Wonderful ne da Bhagwa, wato sanannun nau'o'in rumman na Amurka da na Indiya. Na kai wani lab a Abuja suka min RAPD, wato wani gwajin kwatanta DNA, da firaima 6 (gajerun guntayen DNA da ake laluben wurare dasu), sakamako ya fito cewa kashi 91 cikin ɗari na layukan DNA da suka fito a jel, farantin da ake rarraba guntayen DNA akai, sun bambanta, sufabaiza na yaji daɗi sosai.

Amma wallahi abu biyu sun hanani barci. Na farko, samfur na 7 da na 19 daga bishiya ɗaya na tsinko su, ta tsakar gidanmu, da gangan na basu lamba daban ban faɗa ma kowa ba, sai gashi a bishiyar dangantakar da aka zana kowanne ya faɗa rukuni daban. Na kira mai lab ɗin yace min wai canjin halitta ne ya faru a reshe ɗaya. Na biyu kuma ya rubuta min takarda da hatimi cewa samfur na 22 Bhagwa ce ta asali. Babana yaga takardar, yanzu so yake yaci bashi ya sayi dashe 600 wajen mai lambun da na sayi na 22 ɗin ya zuba a gonarmu ta wajen Heipang, mai lambun yace daga 'ya'yan wannan uwar ya rene su gaba ɗaya. Dakta ni na kawo takardar nan gida, in abun ya lalace kaina zai dawo. Dan Allah ina mafita?

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan ka ɗauki waya ka kira Baba kace ya dakata da maganar bashin, sauran bayanin zai jira amma kuɗi in suka fita sun fita.

Sannan na yaba maka akan abu ɗaya. Wannan dabarar da kayi ta saka ganyen bishiya ɗaya a lamba biyu ba tare da ka faɗa ma kowa ba, ita ce aiki mafi kyau a cikin furojet ɗin gaba ɗaya, nasan masu digiri na uku da basu taɓa yin tunanin haka ba. Samfur na 7 da na 19 sun riga sun baka amsa, kai ne dai kake jin nauyin karɓarta saboda kuɗin da ka kashe.

Maganar canjin halitta a reshe, kaga wannan amsar mutum ce da aka ritsa. Eh, yana faruwa reshe ɗaya ya sauya a jikin bishiya, masu lambu sun san haka tun kafin a san DNA, amma sauyin wuri ɗaya ne ko 'yan ƙalilan a cikin haruffa kusan miliyan 330 da rumman yake dasu. Firaima 6 ɗinka 'yan guntaye ne suka leƙa a cikin wannan tekun, a ce sun dace da wurin da ya sauya har sauyin ya isa ya raba reshe da ɗan'uwansa zuwa rukuni biyu, haba. Ko dai DNA ɗin bai fita da tsafta ba, ko RAPD ɗin ne yayi halinsa, ko wanda ya ƙirga layukan ya ƙirga har da inuwa, ko kuma an musanya kwalba. Sau da yawa ma duka huɗun ne a haɗe.

Ganyen rumman mugun ganye ne wajen cire DNA, duk wanda ya taɓa tauna ɓawonsa yasan wannan baurin da yake ɗaure harshe, toh shi ɗin yana nan a ganyen, kuma da zarar ka niƙa shi iska ta taɓa sai ya manne ma DNA ya hana PCR, wato aikin ninka DNA a na'ura, tafiya daidai. Na sha ganin ɗalibi ya ɗago kwalba da murna yana nuna min abun da ya kwanta a ƙasa, in duba inga launinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta, shi kuma yana cewa Dakta DNA ya fito da yawa. Wanda ya fita da kyau fari ne ko ma da ƙyar ido yake ganinsa. Ka tambaye su ko sun saka PVP, sinadarin da yake kama wannan baurin, a cikin CTAB ɗin, wato ruwan cire DNA, ko ganyen toho ne ko tsoho, sannan su nuna maka awon tsaftar DNA na kowane samfur, 260/280 ya kamata ya tsaya wajen 1.8, amma wanda yafi tona asiri a rumman shi ne 260/230, in ya faɗi ƙasa sosai da 2 akwai datti. Kuma kai kanka ban wanke ka ba, ganyen Kano da na Zariya a me ka ɗauko su? In a leda ka ƙulle su suka kwana a mota suka yi gumi suka yi baƙi kafin su isa Abuja to tun daga nan aka fara ɓata aikin. Silika jel ake zubawa da yawa, kamar ninki goma na nauyin ganyen, ya bushe ƙarau cikin kwana ɗaya, daga nan ko Nepa ta ɗauke wuta sati firiza ta narke babu ruwanka.

Shi kuwa RAPD tun 1990 yake, yayi amfaninsa a zamaninsa. Firaima mai harafi 10, zafin mannewa wajen digiri 36, abu kaɗan zaka canza, yawan DNA ko magnesiyam ko ma ka koma wata na'urar PCR, sai layi ya ɓace wani ya fito. Kuma baya nuna maka ko bishiya tana ɗauke da siga ɗaya ce ko biyu ta gado a wuri guda na DNA, akwai ko babu kawai yake cewa. Duk wanda ya dage sai yayi shi saboda arha, ƙa'ida ita ce a maimaita kowace firaima aƙalla sau biyu a ranaku daban, layin da bai dawo ba a jefar dashi. Na tabbata ba'a maimaita naka ba. Saboda haka kashi 91 ɗin nan da sufabaiza yake murna dashi, babu wanda zai iya ce maka nawa ne bambancin gado nawa ne datti. Bishiyar dangantaka kuma kar ta burge ka, manhajar nan ko lambobin wayar 'yan ajinku ka zuba mata ta UPGMA, wato lissafin haɗa masu kama da juna, zata zana maka bishiya mai rassa gwanin kyau, aikinta kenan, bata san ƙarya da gaskiya ba.

Gyaran ba mai wuya bane sai dai yana cin kuɗi. Ka koma SSR, wani gwajin DNA da yake nuna sigogin biyu kuma yake maimaituwa, tun wajen 2010 aka fara wallafa na rumman kuma bayan an karanta jerin DNA ɗinsa gaba ɗaya a Sin a 2017 sun ƙaru sosai. Ka sani rumman ba shi da faɗin gado kamar yadda yawan sunayensa yake sa mutum ya zata, sau da yawa wuri ɗaya siga biyu ko uku zaka samu, don haka kar ka tsaya a 6, ka gwada kamar 25 zuwa 30 akan samfur kaɗan ka zaɓi 12 zuwa 15 da suke rarrabewa. Kar ka yarda a gudu maka su akan jel ɗin agaros na yau da kullum, bambancin harafi 2 baya fitowa a wurin, sai foliyakirilamaid ko na'urar kafilari. In kuma aljihu bai kai ba gwajin ISSR mai arha yafi RAPD tsayuwa duk da shima akwai ko babu ne. Ka sake ɓoye maimaici, wannan karon uku, ka saka kwalbar da ruwa ne kawai a ciki. Shikenan wannan ɓangaren.

Yanzu takardar hatimin, wadda ita ce ta sa na zauna nake wannan dogon rubutun da daren nan.

Na gaji ƙanena, wallahi na gaji da wannan fahimtar da ta shiga kan mutane cewa akwai wata na'ura da zaka saka ganye a ciki ta rubuto maka suna. Kusan kullum sai an kira ni ko an turo min hoto, Dakta a gwada min wannan ko orijinal ne. Babu sunan Bhagwa a rubuce cikin DNA ɗin Bhagwa. Alamar DNA kwatanci kawai take yi, ka kawo wannan ka kawo wancan ta ce maka sun yi daidai ko sun saɓa a wuraren da aka duba. Don haka duk wanda zai ce maka samfur na 22 Bhagwa ce, dole ne akwai Bhagwa ta gaskiya a hannunsa, wadda aka san daga inda ta fito, ya gudu da ita a jel ɗaya rana ɗaya gefe da gefe da naka. Ka kira shi ka masa tambaya ɗaya tal: Malam ina Bhagwar da ka kwatanta da ita, daga wace cibiya ta zo, a wane layi take a hoton jel? Zaka ji shiru, ko yace sun duba a intanet. Ko da SSR ne ma girman da wani lab ya wallafa a Indiya baya zama daidai da wanda na'urarka zata karanta sai kun haɗa samfur ɗaya da za'a daidaita awo dashi, balle RAPD da lab ɗaya ma baya iya maimaita kansa ranar Litinin da ranar Laraba. Mutumin da ya kasa gane cewa 7 da 19 bishiya ɗaya ce, shi ne zai gane bishiyar jihar Maharashtra da bai taɓa gani ba?

Abun da ya faru nasan shi. Kai da kanka ka rubuta a jikin ambulan "22, Bhagwa" kamar yadda mai lambu ya faɗa maka, shi kuma ya kwafe ya buga hatimi ya dawo maka da maganar mai lambu cikin rigar kimiyya. Kuɗinka ka biya aka maimaita maka jita-jita.

Kuma su sunayen kansu, ana cewa suna linzami amma a rumman linzamin ya daɗe da tsinkewa. A can Indiya ita Bhagwa ɗin guda ɗaya ana kiranta Kesar, ana kiranta Shendri, ana kiranta Mastani, abu ɗaya suna barkatai. Akasin haka kuma yafi yawa, suna ɗaya akan bishiyoyin da basu haɗa komai ba. Wannan matsalar ce ma ta sa manyan rumbunan rumman na duniya suka rungumi alamomin DNA, Iran tana da tarin sama da 700 a Yazd, a Garrygala ta Turkmenistan Gregory Levin ya tara sama da 1000, Amurka tana da nata a Davis ta jihar Kalifoniya, Indiya ta buɗe cibiyar binciken rumman a Solapur a 2005, kuma cikin ayyukan irin waɗannan rumbunan akwai gano wanne ne maimaicin wanne. Mutanen da suke da littafin rajista na shekaru da dama kenan fa suke fama. Mu anan fa? Ɗan Makka kake ji. Eh ana noman rumman a Ɗa'ifa kuma nasu sananne ne, amma wanda alhaji ya saya a shago kusa da masauki zai iya zama daga Misra ko Yaman ko Indiya aka shigo dashi, ya kawo tsaraba aka sha aka watsa 'ya'yan a bayan ɗaki ya tsiro, shekara talatin kenan jikoki suna ce masa ɗan Makka. Sunan labarin tafiya yake baka, baya baka labarin gado. Wonderful kuma duk jan rumman mai girma a bakin titin Abuja sunansa kenan, alhali Wonderful bishiya ce guda da aka fara yaɗawa a Kalifoniya a 1896 daga reshen da aka kawo daga Filorida, kuma duk Wonderful ta gaskiya a duniya reshen reshen wannan ce.

Ka riƙe kalmar nan, reshe. Domin ko mu ƙaddara takardar gaskiya ce, mu ce na 22 Bhagwa ce tsantsa da shaida daga Solapur, har yanzu dashe 600 ɗin nan ba Bhagwa bane, kuma mai lambun da bakinsa ya faɗa maka, yace daga 'ya'yanta ya rene su. Kai ɗalibin tsirrai ne bana buƙatar in koya maka rarrabuwar gado. Uwar tana ɗauke da siga biyu a wurare da dama, ko ita ta barbari kanta 'ya'yan zasu warwatsu, balle ga ƙudan zuma yana yawo tsakaninta da rumman mai tsami na maƙwabci. Kowane ƙwaya ɗaya a cikin rumman sabon mutum ne. Mutanenmu sun ɗauki karin maganar barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe sun ɗora akan itatuwa, toh a rumman da mangwaro da yawancin 'ya'yan itace barewa tana gudu ɗanta ya rarrafa, wani ma ya kwanta. Wanda yasan mangwaron aure yasan dalilin da yasa ake aure shi ba'a shuka ƙwallo, amma da an zo kan rumman sai hankali ya tafi saboda ƙwayar tana tsirowa da sauƙi, ka zuba a leda sati kaɗan ka samu ɗaruruwa. Nau'in rumman ta yankan reshe ake yaɗa shi ko ta ɗaure reshe da ƙasa a jikin uwa har yayi saiwa a yanke. Duk abun da ba haka ba caca ce.

Akwai wani dattijo da ya ajiye aiki ya zuba kuɗin sallamarsa a gona can bayan Kuje, ya kira ni bayan shekara uku da dasawa. Naje muka shiga layi layi da wuƙa muna fasawa. Wannan ɓawonsa ja cikinsa fari fat, na kusa dashi tsami kamar tsamiya, na gaba ƙwayar tauri kamar tsakuwa sai dai ka tsotse ka tofar, wani bishiyar tayi ganye shar ko fure babu, can a ƙarshen layi muka samu guda biyu ko uku masu daɗi. Ya shiga mota ya ɗauko min fayil, ga takarda da hatimi da hoton jel an lanƙaya mata leda don kar ta jiƙe. Ban san me zan ce masa ba, shi kuma sai tambayata yake ko taki ne bai isa ba. Shekara uku na ban ruwa da albashin mai gadi. Irin wannan ne yake sa in naji ana cewa "an gwada DNA ɗinsa" a bakin mai sayar da dashe raina yake ɓaci, don masara in an cuce ka zaka gane da wuri ko ka samu na sayarwa, shi rumman sai ya cinye maka shekaru kafin ya nuna maka ko waye shi.

Wani ɓangaren wannan ruɗun kuma shi ne a ɗauka alamar DNA zata faɗi zaƙi ko ja ko laushin ƙwaya. SSR da ISSR da RAPD da muke auna bambancin gado dasu galibi a wuraren da basu da ruwa da ɗanɗano suke, shi yasa ma suke da amfani wajen gane dangantaka. Bishiya biyu zasu iya fitowa iri ɗaya sak a wuri 15 amma ɗaya tafi ɗaya ja, kamar yadda aka zaɓo Phule Bhagwa Super daga cikin Bhagwa, irin wannan kusancin alamomi kaɗan ba lallai su raba shi ba. Biyu kuma zasu iya yin nisa a bishiyar dangantaka amma a faranti baka bambance su. Kama da wane ba ta wane. Sannan launi kansa yanayi yana wasa dashi, zafi mai tsanani lokacin nuna yana kashe jan ƙwaya, sanyin dare yana ƙara shi, don haka reshe ɗaya ka dasa rabi a Heipang rabi a Gwagwalada ba lallai su baka kala ɗaya ba, kuma babu jel ɗin da zai gaya maka wannan, sai gona.

Kuma tunda nasan abun da yake biyo baya, da mutum yaji cewa sai reshe na asali sai yace bari in sa wane ya sako min a jaka daga Indiya ko daga Umra. Dan girman Allah kar ku yi. Akwai cutar bakteriya ta rumman, Xanthomonas, wadda manoman Maharashtra suke kira telya saboda tabon yana kama da ɗigon mai a ganye da ɗan itacen, tayi ma gonakin Bhagwa ɓarna mai yawa a can, kuma babbar hanyar yaɗuwarta ita ce dashen da ido yake gani lafiya lau. Tana son ruwa da laima. Ka tuna yadda Agusta take a Filato. Takardar RAPD ko SSR bata ce komai akan cuta ba, wannan gwaji ne daban. Mai son shigo da reshe ya bi ta hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai ya nemi izini, can ma a bashi takardar lafiyar tsiro. Kai kuma don bincikenka ba sai ka shigo da tsiro mai rai ba, busasshen ganye a silika ko DNA ɗin kansa daga rumbun da aka sani ya ishe ka abun kwatance, ka rubuta musu ta hannun sashenku kuma shima ka tambayi ƙa'idar shigowa dashi. Ka fara da wuri don nasan halin takardunmu, ni akwai lokacin da firaima na suka iso ƙasar nan cikin kwana goma amma sa hannun biyan kuɗinsu a wani ofis ya ɗauki wata huɗu, fayil ɗin yana kan tebur mai shi ya tafi taro.

Game da Baba, ba cewa nayi kar ya noma rumman ba. Abu ne mai albarka, sau uku Alƙur'ani ya ambace shi, biyu a Suratul An'am ɗaya a Suratur Rahman, kuma kasuwarsa a Abuja tana nan tunda yawancin wanda ake sayarwa a manyan shaguna daga waje ake kawo shi. Amma rumman ɗan rani ne mai son zafi da bushewa lokacin da yake nuna, Jos kuma tsayinta ya kai mita 1200 ga ruwa daga Afrilu har Oktoba, in ɗan ya nuna cikin damina fashewa zai yi ko ya ruɓe ta ciki. Daga fure zuwa nuna wata biyar zuwa bakwai ne, shi yasa manoman Indiya suke sarrafa lokacin fure da kansu, su hana ruwa su zubar da ganye sannan su tada bishiyar, kuma ɗaya daga lokutan nasu shi ne furen Satumba da Oktoba don ɗan ya girma a rani. Wannan tsarin shi ya kamata a gwada a Filato, wanda yake nufin dole akwai ruwan ban rani a gonar. Rijiya ko bohol ɗin gonar ku yana kaiwa Maris? Wannan tambayar tafi takardar hatimi muhimmanci.

In ni ne, zan ce ma Baba ya bari a dasa kamar 30 zuwa 40 kawai da kuɗin aljihu ba bashi ba. Ku zagaya cikin bishiyoyi 25 ɗin nan naka lokacin da suke da 'ya'ya, ku fasa ku ɗanɗana, ku zaɓi huɗu ko biyar da suka daɗe a Jos suna bada ɗa mai kyau duk da ruwan, ku roƙi masu su reshe mai kaurin fensir tsawon kamar taki ɗaya, ku kafa da kanku ku saka ma kowanne lamba. Bishiyar da ta shekara ashirin a Rikkos tana haihuwa ta riga ta ci jarrabawar da Bhagwa bata zauna ba tukuna. In mai lambun yana son ciniki ya nuna muku uwar tana ɗauke da 'ya'ya, ya yanko reshe a gabanku. In yace uwar tana wani gari to cinikin biri a sama ne.

Nan ne kuma furojet ɗinka zai yi amfani na gaske. In SSR ya fito ya nuna cewa bishiya 25 ɗin nan ainihinsu guda 8 ne ko 9, sauran duk reshen juna ne da aka yi ta bayarwa gida gida, kar gabanka ya faɗi. Wannan sakamako ne, kuma yafi kashi 91 na bogi daraja, don ya gaya mana rumman ɗin Arewa daga ƙofofi kaɗan ya shigo kuma cuta ɗaya zata iya kwashe shi. Ka dai tuna ka cire maimaitan kafin ka lissafa bambancin gado, in ka bar reshe ɗaya ya shiga lissafi sau biyar alƙaluman zasu karkace. Ka haɗa da awon 'ya'yan, nauyi, kaurin ɓawo, zaƙi da rifiraktomita mai auna sukari, tsami, taurin ƙwaya, ka ɗauki GPS na kowace bishiya da labarin wanda ya dasa ta da inda ya samo. Waɗanda suka fito daban kuma ka sanar da cibiyoyin binciken tsirrai na NACGRAB ko NIHORT a Ibadan, irin wannan ne aikinsu na adanawa.

Sufabaiza kuma kar kaje kace masa sakamakon ƙarya ne, kasan halin manya. Ka ɗauki hoton bishiyar dangantakar ka zagaye 7 da 19 da jan biro ka ajiye a gabansa kace ranka ya daɗe ga abun da ya ɗaure min kai, ka bari shi ya faɗa da bakinsa. Gara yanzu da ranar kare furojet baƙon malami ya tambaye ka ina maimaicinka a gaban jama'a.

Ka koma lab ɗin ka karɓo ragowar DNA ɗinka da hotunan jel na asali waɗanda ba'a yanke ba, da takardar awon tsafta, haƙƙinka ne ka biya. Ka turo min su tare da jerin firaima 6 ɗin, ina son in ga layin ruwa zalla in ma sun saka shi. Ka gaishe min da Baba.